Fayil ɗin Access ya ƙi buɗewa: wa ya taɓa fita daga wannan?

Mai Kemis: Assalamu alaikum jama'a. Duk lissafin shagona yana cikin fayil ɗin Access guda ɗaya, wato manhajar Microsoft ta ajiye bayanai a teburai masu layuka: kayan da suka shigo, ranar da kowane magani zai lalace, da bashin da muke bi. Jiya da yamma yaron shago yana tsaka da shigar da kaya aka ɗauke wuta. Yau da safe na kunna, sai ya rubuto min "Unrecognized database format". Ban taɓa komai ba tukuna. Don Allah duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya ba mu labari, ko ya dace ko bai dace ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Da ba ka taɓa shi ba, ka kyauta wa kanka. Fara da kwafe fayil ɗin zuwa filashi da wata folda daban, duk gwajin da za a yi a kan kwafi za a yi shi. Dalili kuwa, Compact and Repair, wato umarnin gyaran fayil da ke cikin Access, sabon fayil yake ginawa ya maye gurbin tsohon da shi, abin da ya kasa karantawa yana iya zubarwa, kuma ya tafi ke nan.

Sannan ka duba kusa da fayil ɗin, za ka iya ganin wani ɗan ƙarami mai suna iri ɗaya da ya ƙare da .laccdb, ko .ldb idan tsohon .mdb ne. A ciki Access ke rubuta waɗanda suka buɗe fayil. In kowa ya rufe amma yana nan, goge shi. Daga nan ka shiga Access ba tare da buɗe fayil ɗin ba, ka je Database Tools, ka danna Compact and Repair Database, ka nuna masa kwafin. Yawancin na ɗaukewar wuta da ake kawo min a nan suke warkewa. In ya gama ka ga wani teburi mai suna MSysCompactError, to akwai abin da ya kasa gyarawa, karanta shi.

Hajiya Rajistara: Ni tawa ba ta zo da sauƙi haka ba. Sakamakon jarrabawar ɗalibai ne, ana saura ƙiris a raba rifot. Compact and Repair ya kan fara, ya tsaya a tsakiya. Ɗan yayata ne ya buɗe sabon fayil fanko, ya bi ta External Data yana janyo teburan daga lalataccen, ɗaya bayan ɗaya. Kada a janyo su gaba ɗaya, don in ya maƙale ba za ka san wanne ne mai ciwon ba. Duk suka shigo lafiya sai teburin da malamai ke rubuta sharhi a kan yara. Irin wannan gurbi na dogon rubutu, Access a wani wuri daban yake ajiye abin da ke cikinsa, sai ya bar alamar da ke nuni zuwa can, shi ya sa ya fi saurin lalacewa.

Da muka samu ya buɗe, sai ga wasu layuka sun koma #Deleted, wasu kuma sun zama kamar rubutun Sinanci. Haka yaron ya riƙa kwashe layukan kashi-kashi zuwa sabon teburi, yana tsallake masu matsalar. Waɗanda suka rage muka sake bugawa daga takardun malamai. Har yau ba na yarda a ƙona takardar maki.

Baba Akanta: 'Ya'yana, kafin a ce fayil ya mutu a tabbata ba tsufa ba ne. Na ƙungiyarmu ta adashe ya taɓa ba ni irin wannan saƙo, ashe lafiyarsa ƙalau. Da Access 97 aka gina shi, shi kuwa Access daga na 2013 zuwa sama ba ya buɗe wannan tsari. Tsohuwar kwamfuta mai Access 2007 muka nemo, ta buɗe shi, muka juya shi zuwa .accdb. A duba girmansa kuma. Iyakar fayil ɗin Access gigabait 2 ne, masu cusa hoton fasfo a ciki su suka fi cin karo da ita.

Ɗan Kafe: Bari in kawo wadda ba ta yi daɗi ba. Wani kwastoma kai tsaye daga kan filashi yake aiki, ya zare ta fayil yana buɗe. Na leƙa cikin fayil ɗin da manhajar duba bait, wadda ke nuna ɗanyen abin da ke rubuce a cikin fayil. Lafiyayyen .accdb a farkonsa za ka ga "Standard ACE DB", .mdb kuma "Standard Jet DB". Nasa sifili ne tun daga sama har ƙasa. Kafin ya zo wurina har ya sayi manhajar gyara da dala, ba ta fito da ko layi ɗaya ba, don babu abin fitarwa. Duk mai son saye ya fara gwada ta kyautar, in bai ga bayanansa da idonsa a cikinta ba, kada ya biya. Abin da muka tsira da shi wani tsohon kwafi ne da ya taɓa tura wa ƙaninsa ta imel.

Mai Kemis: Alhamdu lillahi, Allah ya saka da alheri. Gyaran bai yi ba, amma hanyar Hajiya ta yi, teburan sun shigo sai kayan jiya kawai da babu. Sai dai fom ɗin sayarwa da na danna shi Access ke rufewa.

Injiniya: Madalla. Wannan ba bayanan ba ne, lambobin VBA, wato umarnin shirin da ke tafiyar da fom ɗin, su ne suka lalace. Buɗe kwafi da umarnin /decompile, wanda ke sa Access ya sake haɗa waɗannan lambobin, kana riƙe da Shift, sannan ka sake Compact and Repair. In ya ƙi, janyo fom ɗin daga tsohon kwafi, ai fom ba ya canzawa kullum. Kwamfuta nawa ke amfani da fayil ɗin?

Mai Kemis: Biyu, ta kanta da laftof ɗina ta Wi-Fi.

Injiniya: To a haɗa su da kebul maimakon Wi-Fi, Alhaji. Access ba ya jure yankewar sadarwa yana cikin rubutu. A raba shi gida biyu kuma, teburan a kwamfuta ɗaya, kowa da nasa kwafin fom. Kada a buɗe shi daga foldar OneDrive ko Dropbox, can kwafin ajiya kaɗai ake kaiwa bayan an rufe. UPS ma, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, a saya masa sabon batir.

Hajiya Rajistara: Alhaji, kafin yaronka ya ci gaba da aiki, shiga Relationships ka ga ko layukan da suka haɗa teburan suna nan. Janyowa ɗaya bayan ɗaya ya kan bar su a baya, mu da hannu muka sake ja. Ka gwada shigar da magani ɗaya kuma, ka tabbata sabuwar lambar da ya ba shi ta wuce ta ƙarshe. Namu lambar da wani ɗalibi ke riƙe da ita ya so maimaitawa, sai ya ƙi karɓar sabon suna.