Shin ruwan kogin Kwara zai ci gaba da isarmu?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙasashe 9 ne ke da rabo a kogin Kwara da rassansa, kuma jama'arsu sai ƙaruwa take yi. Nijar ba ta kai mutum miliyan 4 ba a 1960, amma ƙidayar 2012 ta nuna ta haura miliyan 17. Idan aka kammala madatsar Kandaji da Nijar ta fara ginawa a kan kogin, Mali kuma ta ƙara faɗaɗa gonakin da ke shan ruwan kogin daga madatsarta ta Markala, me zai rage wa tafkin Kainji da masunta da manoman shinkafar da ke bakinsa?

Malamin Gaya:
Wa alaikumus salam. Malam, damuwarka tana kan hanya, sai dai a ganina matsalar ta lokaci ce. Da damina ruwan kan yi yawa har ya yi ɓarna, kamar ambaliyar da ta rushe gidaje a Yamai a 2020. Wahalar tana zuwa ne daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da tudun yashi ke fitowa a tsakiyar kogi, kwale-kwale ya kafe, mai lambu ya riƙa jan injin ban-ruwansa yana bin sauran ruwan. A Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, alhali mutanen birnin ba su kai rabin miliyan ba. Yau sun wuce miliyan. Ɗaya daga cikin dalilan gina Kandaji shi ne a tara ruwan damina a riƙa sakinsa da bazara.

'Yar Bussa:
Malam, ban musa maka ba, amma ruwan da aka tare a fili rana na shanye wani kaso nasa, wanda aka kai gona kuma kaɗan ne ke komowa kogi. Tun da aka gama Kainji a 1968 tafkin yake dogaro da ruwan tsaunukan Gini, wanda ke isowa da hunturu bayan ya ratsa fadamun Mali, kuma shi ne ruwan da kowace sabuwar madatsa za ta fara taɓawa. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen kogin, mai hedikwata a Yamai, tana da yarjejeniyar ruwa ta 2008, wadda ta wajabta sanar da maƙwabta kafin babban aiki. Abin da ke ba ni tsoro shi ne siyasa, domin mun ga yadda Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023.

Ɗan Yawuri:
Na gode muku. To, Malam, idan aka yi fari shekara biyu a jere, wa ke da ikon cewa ga yawan ruwan da za a saki daga Kandaji?