Sowa, ihu, guɗa: abin da jama'a suka ce

Jama'a, sannunku da ƙoƙari. Tambayar ita ce: wane suna za a ba ƙarar da taro ke yi don murna? Ga abin da na tattaro.

1. Mafi yawa sun tsaya kan sowa. Misalin da aka fi kawowa shi ne kokowar Takobi, gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a nan Tawa a 1975: ɗan kokowa ya kai abokin karawarsa ƙasa, fili ya ɗauki sowa, ana wurga huluna sama, makaɗa na ƙara wuta. Haka ma in Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ta jefa ƙwallo a filin Seyni Kountché na Yamai.

2. Guɗa ta mata ce, ranar suna ko kai amarya, wasu har da riƙe hanci. Babu wanda ya yi gardama.

3. A kan ihu aka rabu. Dattawa sun ce asalinsa neman agaji ne, ɓarawo ko gobara, shi ya sa ake cewa ihu bayan hari. Matasa kuwa sun ce yau kowa na cewa "ihun murna", kuma ana ganewa. Ni dai ina tare da dattawa, domin in aka ce an ji ihu a unguwa, gaban mutum faɗuwa yake yi.

4. Kuwwa da kururuwa, na tsoro ne ko kira daga nesa.

5. Shewa ma ba a daidaita ba: wasu sun ce murna ce, wasu sun ce tana ɗauke da ba'a, don haka a kula da inda za a yi ta.