Shinkafata ko ta caɓe ko ta ƙone: ina kuskuren yake?

Ɗalibin Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayye a kan abin da wasu za su ga bai kai a yi tambaya a kansa ba. Wata biyu ke nan da na kama ɗaki a Samaru, kuma kafin nan ban taɓa ɗora tukunya ba, domin a gidanmu namiji ko ƙofar kicin bai cika leƙawa ba. Ina da ƙaramin gas mai kai ɗaya da tukunyar silba marar kauri, shinkafar kuwa 'yar gida ce da nake saye a wajen mai awo. Duk ranar da na dafa, ko dai ta caɓe ta koma kamar tuwon da ba a tuƙa ba, ko kuma ƙasa ya ƙone ƙurmus alhali ta sama da sauran ɗanye a cikinta. Jiya na zuba gwangwani uku, na buɗe wuta har ƙarshe saboda ina sauri, ina ta juyawa da cokali don kada ta kama, da na ga ruwa ya ƙare ba ta dahu ba sai na ƙara na sanyi har sau biyu. Ƙauri ne ya sa maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar ko lafiya. Ga kuma tsakuwa, wadda ta kusa raba ni da haƙori. Ruwa nawa ake zubawa, minti nawa take ɗauka, kuma dole ne a yi mata tafasa biyu kamar yadda nake gani ana yi a gida?

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba abin kunya a wannan tambaya, kuma da bakinka ka faɗi inda matsalar take, wato wutar da ka buɗe. Ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi don an ƙara masa wuta, ƙonewa kawai yake yi ya tafi a tururi, sai ya ƙare tun shinkafa ba ta sha rabonta ba, daga nan ƙasan tukunya ya fara cin wuta.

Amma bari mu fara daga tsakuwar. Ka nemi ƙwarya, in babu ka samu roba mai faɗi guda biyu. Ka zuba shinkafar a ɗaya, ka cika da ruwa, ka karkata ta kaɗan kana girgizawa a hankali, yadda shinkafar za ta riƙa bin ruwa tana gangarawa cikin ɗaya robar. Tsakuwa ta fi shinkafa nauyi, saboda haka a ƙasa za ta zauna, kuma idan ka zo ɗan ragowar ƙarshe za ka ji tana ƙara a gindin robar. Wannan shi ne regewa, sau biyu ya wadatar. Bayan nan ka wanke ta har ruwan ya daina yin fari sosai, ka tsane ta a gwagwa.

Da gwangwanin da ka auna shinkafa za ka auna ruwa, kada ka yi da ido tukuna. Kowane gwangwani ɗaya na shinkafa ka ba shi biyu na ruwa. Ka ɗora ruwan da ɗan gishiri, idan ya tafasa ka zuba shinkafar, ka juya sau ɗaya tak, idan ta sake tafasowa ka rage wuta zuwa mafi ƙanƙantar da gas ɗinka zai iya riƙewa ba tare da ya mutu ba, ka rufe, ka ajiye cokalin nan nesa da kai. Juyawa tana farfasa ƙwayar ta fito da sitacin da ke sa ta danƙo, yawan buɗe murfi kuma yana korar tururin da shi ne ke dafa ta sama. Bayan minti 25 ka buɗe. Idan ka ga ƙananan ramuka a samanta kuma ba ka jin ƙarar ruwa, ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka murza tsakanin yatsu biyu; in ta murje ba tauri a tsakiya ta dahu, in kuwa da saura, ka yayyafa ruwan zafi kaɗan ta gefen tukunya ka mayar da murfi na minti biyar. Na zafi na ce, domin na sanyi yana katse dahuwa. Sannan ka kashe wuta ka bar ta a rufe minti goma kafin ka buɗa ta da cokali mai yatsu. Masu sauri wannan minti goman suke tsallakewa, alhali a cikinsa ne ta ƙasa ke sakin tukunya, ta sama kuma ta yi wara-wara.

Ɗan Kura ya amsa:

Hajiya ta yi bayani, Allah ya saka da alheri. Abin da zan ƙara, ɗan'uwa, shi ne ka san wace shinkafa ce a hannunka, domin ma'aunin da ta ba ka na gumi ne. A wajenmu, Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, akan jiƙa shinkafa tun tana cikin ɓawonta, a turara ta, a shanya, sannan a kai inji; wannan shi ne gumi. Turarawar nan ce ke sa ƙwayar ta yi ƙarfi ta ɗan yi ruwan ɗorawa, shi ya sa take daɗewa a wuta, take shan ruwa, kuma ba ta saurin caɓewa. Ɗanyar shinkafa kuwa, fara tas ɗin nan da ake tuwo da waina da sinasir da ita, ba a yi mata gumi ba. Idan ka ba ta ruwa biyu da minti 25 tuwo za ka samu ko ba ka nufa ba. Ita ruwa ɗaya da rabi ne, minti 15 zuwa 18. Basmati marar gumi ma haka, sai dai ita akan jiƙa ta kamar rabin awa tukuna. Ka tambayi mai awo kai tsaye, gumi ce ko ɗanya, kuma sabuwa ce ko ta bara, saboda wadda aka girbe kwanan nan tana da sauran danshi, ba ta shan ruwa kamar wadda ta daɗe a ajiye.

Game da tsakuwa, a wajen sussuka da shanya a ƙasa take shiga. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 mutane suka koma wa 'yar gida, injinan da ke cire tsakuwa sun yawaita, don haka ta cikin buhun kamfani ba kasafai take buƙatar regewa ba, amma ta ƙananan injina da ake aunawa a kwano, ka rege ta ko mai awo ya rantse maka. Tafasa biyu kuwa, ni a ganina asara ce: ana zubar da ruwan farko tare da wani ɓangare na sinadarin bitamin B da gumin ya tura cikin ƙwayar, ga ƙarin gas.

Anti Nas ta amsa:

Malam Ɗan Kura, gaskiyarka a kan bitamin, amma ban yarda a hana ƙanen namu tafasa biyu gaba ɗaya ba. Iyayenmu ba don rashin sani suke yi ba. Wani gumin yana zuwa da wari idan ruwan jiƙon ya daɗe ko shanyar ba ta yi kyau ba, kuma wanki kaɗai ba ya fitar da shi. Idan ka samu irin wannan, ƙanena, ka tafasa ta minti goma a ruwa mai yawa, ka juye a gwagwa ka ɗauraye, ka mayar tukunya da gishiri da ruwan zafi daidai kan shinkafar, kada ya haura, sannan ka turara a ƙaramar wuta. Idan ba ta da wari, hanyar Hajiya ta fi sauƙi.

Tukunyarka ma tana da laifi. Marar kauri tana tara zafi a wuri ɗaya, daidai inda harshen wuta ke dukanta. Kafin ka sayi mai kauri, ka ɗora tsohon kaskon suya a kan gas ɗin ka aza tukunyar a kai bayan ka rage wuta. Kada ka rufe shinkafa da leda kamar yadda wasu ke yi; idan murfin ba ya zama daidai, ka ɗora masa wani abu mai nauyi. In kuma ta riga ta kama, ka kwashe ta sama zuwa wani kwano nan take ba tare da ka kankaro ƙasan ba, ka jiƙa ƙanzon daban.

Gwangwani uku ya yi wa mutum ɗaya yawa, kuma na san ragowar kwana take yi a tukunya. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafa ta daɗe a ajiye cikin ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafin da ke sa amai, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafi. In ba ka da firji, ka dafa abin da za ka cinye a lokacin.

Ɗalibin Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Mama da Anti da Yaya, Allah ya ƙara girma. Na koma wajen mai awo ya ce gumi ce ta bara. Yau da rana na dafa gwangwani ɗaya da rabi da ruwa uku, na tsinci tsakuwa bakwai a gindin roba, na kuma daure ban buɗe murfi ba duk da hannuna ya kai kansa sau biyu. A minti 25 da ɗan sauran tauri, sai na yayyafa ruwan zafi na ƙara biyar. Ta yi wara-wara, ƙasan ya ɗan kama kaɗan saboda ban samu kasko ba tukuna, na ci da mai da yaji. Yanzu idan zan haɗa da wake, tare ake zuba su ko wake ne ke fara shiga?