Neman kalmar Hausa: agogon suwic da alƙaluman NTP

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina mayar da littafin jagorar wani suwic na sadarwar kwamfuta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a cibiya ɗaya, zuwa Hausa domin ɗalibai, kuma ranar Alhamis zan miƙa aikin. Babin da ya tsaya mini shi ne na sa ido kan alƙaluman NTP, wato tsarin da na'urar ke bi ta tambayi saba (kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima) lokaci, ta gyara agogonta. Ina neman Hausar "synchronization", sai kuma kawunan teburin alƙaluman guda uku: "offset", "delay" da "jitter".

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. "Saita agogo" ya wadatar, kowa ya san shi.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, saitawa sau ɗaya ake yi a tashi, alhali wannan aiki ba ya yankewa. Suwic ɗin yana aika tambaya ta kafar sadarwa mai lamba 123, galibi duk bayan sakan 64 zuwa 1024, kuma a manhajar asali ta David Mills, wanda ya ƙirƙiro NTP, idan bambancin bai kai milisakan 128 ba, ba a tsallakar da agogon, sai dai a ɗan ƙara masa sauri ko a rage har ya kamo. Shi ya sa na fi son "daidaitawa" ga aikin, "daidaituwa" kuma ga halin da agogon ya shiga bayan ya kamo. Na farko a teburin shi ne ratar da ke tsakanin agogon suwic da na saba, na biyu jinkirin zuwan saƙo da dawowarsa, na uku kuwa yadda ratar ke sauyawa daga awo zuwa awo.

Malamin Hausa: Na karɓi daidaitawa, amma me ya sa muke ta cewa "suwic" da "saba" kamar harshenmu ya talauce? Bahaushe in ya ji suwic, makunnin fitila zai tuna. A ce "mararraba", tun da a nan saƙonni ke rabuwa, saba kuma ai an riga an raɗa mata "uwar garke".

'Yar jarida: Malam, da girmamawa, aro ba talauci ba ne. "Agogo" daga Yarabanci muka samo shi, "lokaci" daga Larabci, kuma babu wanda ke jin su baƙi ne. Uwar garke kuwa sai an sake fassara ta kafin mai sauraro ya gane.

Malamin Hausa: Waɗancan sun daɗe a bakinmu. Idan masu ilimi suka raina ƙirƙira, wa zai yi ta?

Injiniya: Babu raini, Malam. Matsalar ita ce mararraba ta fi dacewa da rawuta, domin ita ke zaɓar hanya tsakanin cibiyoyi daban-daban, shi kuwa suwic a cikin cibiya ɗaya yake miƙa saƙo ga na'urar da aka nufa. Ɗalibin da ya gauraya su zai ɓata a wurin aiki. Haka nan a rubuta "sakan" maimakon "daƙiƙa", wadda wasu ke nufin minti da ita, domin kuskure a nan yana hana a jera bayanan na'urori bisa tsari ranar da ake binciken matsala. Akwai kuma "stratum", wanda zan ce "mataki": na 1 yana haɗe da agogon tushe kai tsaye, ana sauka har 15, 16 kuwa na nufin agogon bai daidaitu ba.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Na ɗauki daidaitawa, daidaituwa, rata, jinkiri, mataki da sakan. Zan bar suwic, in bayyana aikinsa a farkon babin. Na ukun teburin har yanzu babu suna. "Rawar awo" nake tunani.

Malamin Hausa: Rawa ba ta dace da littafin karatu ba, "sauye-sauyen rata" ya fi. Batun suwic kuwa ban gamsu ba, amma aikinki ne, Malama. Ki sa mararraba a jerin kalmomin ƙarshe, ko da a gefen rawuta ne.