Masu shirin zuwa Argungu, ga abin da aka ce

Jama'a, na tattaro shawarwarin da aka bayar kan zuwa Argungu ta jihar Kebbi, kusan kowa bakinsa ɗaya cewa ka sauka Birnin Kebbi ko Sakkwato ka shigo da sassafe a mota, kafin rana ta buɗe don zafin can ba wasa ba ne wallahi.

Farko dai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce da aka gina 1831, aka maida ta gidan tarihi 1958, akwai kaburburan sarakunan Kabi a ciki da takubba da masu da tambura, kar ka yi sauri, ka samu mai zagayawa da kai ya maka bayani ka ɗan sallame shi.

Sai kogin Matan Fada. Nan aka fi daɗewa ana magana, wasu suka ce in ba lokacin bikin kamun kifi ba ne ba ka ga komai ba, ni kam ban yarda ba, ka je da yamma ka ga masunta da homa da gora suna shiga ruwa, fadamun shinkafa shar a gefe, ya ishe ka. Bikin tun 1934 ake yi amma fa ba kowace shekara ba, ka tambaya kafin ka kama hanya, kuma ka kama masauki da wuri.

Kufan Surame kuwa, tsohon babban birnin Kabi, sai da ɗan gari, a fara tambayar lafiyar hanya tukuna. Ka riƙe tsabar kuɗi, netwok kan ɗauke.