Haruffan LOL: ma'anonin da kowannenmu ya tarar

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ma'anar LOL da na sani ita ce ƙyalƙyalewa da dariya (“laughing out loud” a Turance), kuma da ita ƙamus ɗin Oxford ya shigar da haruffan a 2011. Sai ga shi wani abokin aikina ya rubuto mini cewa zai makara domin yana tsakiyar LoL, alhali babu abin dariya a zancen. Ina so in ji yadda kuka ci karo da ita.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin naka wasa yake bugawa, wato League of Legends, wanda kamfanin Riot Games ya fitar a 2009. Masu buga shi sukan rubuta harafin tsakiya ƙarami, kuma matasan da suke kawo mini kwamfutocinsu abin da suke fara tambaya shi ne ko na'urar za ta iya ɗaukar LoL ba tare da ta riƙa sarƙewa ba.

Ma'aikaciyar ofis: Tawa ta fi nauyi. Lokacin da na kwanta rashin lafiya, shugabata, wadda dattijuwa ce da ta tashi a zamanin wasiƙar takarda, ta aiko mini saƙon ya jiki, ta rufe shi da LOL. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, har sai da ta zo dubiya ta bayyana cewa a wurinta haruffan suna nufin “lots of love”, wato “tare da ƙauna mai yawa”, kamar yadda suka saba rufe wasiƙu a da. Ba ita kaɗai ba ce, domin a 2012 Rebekah Brooks, tsohuwar editar jarida a Birtaniya, ta shaida wa kwamitin Leveson mai binciken ɗabi'un 'yan jarida cewa David Cameron, firaministan Birtaniya a lokacin, haka ya fahimce ta a saƙonnin da yakan aika mata, har sai da ta gyara masa.

Malamin makaranta: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Abin da na lura da shi a saƙonnin ɗalibaina shi ne, ko ma'anar dariyar ta yi sanyi. Ɗalibi zai rubuta cewa bai gama aikin gida ba, ya liƙa lol da ƙananan haruffa, ba don yana dariya ba, sai don ya sassauta maganar kada in yi masa faɗa, kuma gaskiya hakan bai taɓa hana ni yi ba.