Janareto na mutuwa duk sanda iyakwandishan ɗin jirgina zai tashi

Mai jirgi, Tiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da jirgin ruwa mai inji a dam ɗin Tiga, da shi nake zagayawa da baƙi masu zuwa shan iska, musamman da Sallah. Bana na sa kafinta ya yi mini ɗan ɗaki a tsakiyarsa, aka ɗaura iyakwandishan mai doki ɗaya, don mutanen birni ba sa jure ranar bazara a kan ruwa. Janareton 2.5 kVA ne. Fanka na tashi lafiya lau, amma da kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya zo kamawa sai ƙwan fitila ya yi ja, janareto ya yi gurnani kamar ragon da aka shaƙe, ya mutu. Da safe yakan kama, da azahar sai ya ƙi. Wanda ya sayar mini da iyakwandishan ya rantse wat 900 kawai take ci. To ina sauran wutar take zuwa?

Mai gyaran firij, Rano: Wa'alaikumus salam. Bai yi maka ƙarya ba, Alhaji, rabin zancen ya faɗa. Wat 900 ɗin nan, wajen amfiya 4 ke nan a wutarmu ta 230, abin da take ci ne bayan ta miƙe. A daidai tashi kwamfireso na fizgar ninki biyar ko shida na haka, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Kamar amalanke ce da buhunan shinkafa, turawar farko ita ce aikin. Duba jikin akwatin waje, akwai takarda da aka rubuta LRA da lamba a gabansa, wannan ce fizgar. Janaretonka ko ya ƙure bai wuce amfiya 11 ba. Zancen azahar kuma, zafi na ƙara wa gas matsi, kwamfireso ya yi nauyi, shi kansa janareton ƙarfinsa na raguwa a iska mai zafi. A ina ka ajiye akwatin?

Mai jirgi: A kan rufin kwano yake, rana na dukansa. Na duba, LRA 21 aka rubuta.

Direban tifa, Bebeji: Ka huta da lissafi, ka sayi 5 kVA kawai.

Mai jirgi: Ɗan uwa, jirgi ne fa, ba bayan tifa ba. Nauyinsa kujerar fasinja ɗaya ce, ga shan mai.

Mai wayarin, Tudun Wada: Kafin ka kashe kuɗi, a gwada kafasitar kwamfireson, ɗan gwangwanin nan mai taimaka masa tashi, da mita, in ta yi rauni haka take yi. A duba waya ma. Na sha zuwa aiki in tarar an ja iyakwandishan da siririyar wayar rediyo mai tsawon igiyar guga, wuta ta zube a hanya. Sa waya mai kauri 2.5 mm², gajera. In duk lafiya, akwai kafasitar bugu da ake ƙarawa, ba ta da tsada a Sabon Gari.

Mai gyaran firij: Oga, a nan mun rabu. Kafasitar bugu gajarta lokacin tashin take yi, fizgar tana nan kusan yadda take. Abin da masu jiragen ruwa a ƙasashen waje ke sawa shi ne sof-sitata, ɗan akwati da ke sakar wa kwamfireso wuta sannu a hankali, fizgar ta sauko ƙasa da rabi. Sai dai in za a yi maka oda, a kula, na Amurka da yawa na wutar 120 ne. Da ni ne ma, sayar da wannan iyakwandishan zan yi in cika kuɗi in ɗauki wata mai inbata, ita dama a hankali take tashi. Amma tana son tsaftatacciyar wuta, in janaretonka ba shi da AVR, na'urar daidaita ƙarfin wuta, fanel ɗinta zai iya ƙonewa.

Hajiya mai ƙanƙara, Haɗeja: Ɗana, ni ban san boko ba, amma na daɗe da firiza da janareto. In ya mutu kar ka yi garajen sake kunnawa. Ba shi minti uku gas ya kwanta. Kuma ka bar janareto ya ɗan yi ɗumi, ka tayar da babban kaya tukuna, sannan fitila da cajin wayoyi su biyo baya.

Sarkin ruwa mai ritaya: Duk kun tsaya kan sanyi. Ina hayaƙin yake fita? Iskar da ke kisa a hayaƙin janareto ba ta da wari, ga ɗaki a rufe, ga yara a ciki. Janareto ya koma can ƙarshen jirgi a sarari, salansa na kallon ruwa. A sa masa burekar nan mai yanke wuta in ta zuba a jikin ƙarfe, don ƙafar kowa a jiƙe take.

Mai jirgi: Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi a jikin bangon ɗakin yake, yau na matsar da shi. Mun canza waya, mun yi wa akwatin rumfar zana. Da azahar ya kama sau biyu, na uku ya mutu, amma ni na yi gaggawa, ban cika mintunan Hajiya ba. Malam na Rano, ranar Lahadi za ka iya zuwa da mitarka a duba kafasitar?